Abin da Fikri Ya Yi wa Kaset ɗin Mama

Zuwa ga yayata Ni'imat,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga nan Dumyat. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Hamdi da yara duka. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya tsare Hamdi a kan ruwan Girka, ya riƙa dawo da shi gida da jirgi cike da kifi. Mu nan lafiya lau. Hawan jinina ya sauka, ko in ce ya sauka har zuwa makon jiya, za ki ji dalili. Zinat matar ƙaninmu Fikri ta samu sauƙin haƙorin nan, ɗansu Samih kuma ana dab da tsayar da maganar aurensa da 'yar Alhaji Mitwalli mai shagon gilashi. Na yi murna ƙwarai da jin an sa ranar bikin 'yarki Rihab. Jiya jiya nake goya ta a baranda, yau ga shi za a sa mata lalle. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya.

Kin roƙe ni in aiko miki da kaset ɗin Mama, wanda aka ɗauka ranar lallenki tana waƙa tana kaɗa tire, don a sa wa Rihab ta ji muryar kakarta. Kin san ba mu da muryar Mama a ko'ina sai a cikinsa. Kin kuma san yadda na riƙe shi. Ni da kaina na karya masa 'yan kunnuwan nan biyu na baya da abin kama gashi, don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Na naɗe shi a ɗankwalinta, na sa a ƙasan akwati. Tun da na ɓoye shi, balle bayan rasuwarta, ban yarda na sa shi a rikoda ba, saboda tsoron ta taune zaren, kuma gaskiya zuciyata ma ba za ta ɗauka ba.

Da saƙonki ya zo sai na ce bari in gwada rikodar da sauran kasusuwan tukuna, in ta ci, ta ci wanda ba zan yi wa kuka ba. Na goge mata kai da auduga da turare, na sauko da kwalayen nan na saman kabad, na zauna a ƙasa. Yaya, ashe aikin kwanaki na ɗauko wa kaina. Kowanne na sa sai na ji ba zan iya cirewa ba sai ya kai ƙarshe, kuma tunda ba mai ja da ni, sai na naɗa kaina alƙali. Wanda ya burge ni ya hau kantar bango ta sama. Wanda ba yabo ba fallasa ya shiga gwangwanin biskit. Wanda ya ɓata min rai kuwa in zare zarensa in ɗaura a ƙarfen baranda, ya je ya kori tattabarun maƙwabta daga lalon da nake shanyawa. In kin ga barandata yanzu sai kin yi dariya, duk ta cika da zare yana ƙyalli, ko tattabara ɗaya ba ta sauka.

Waɗanda Baba ya zo da su daga Libiya duk sun hau sama, ko da yake rabinsu sun soma ja kamar mai waƙar yana jin barci. Na marigayi maigidana Abdul'azim na raba su biyu. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma kunnensa ba ya da zaɓi. Kin tuna mawaƙin nan da yake so, mai kukan an yaudare shi tun daga farkon kaset har ƙarshe? Shekaru na yi ina jin sa don zaman lafiyar gida. Wannan karon na saurare shi da kyau, na ce wa rikodar lallai yarinyar da ta gudu ta bar ka tana da hankali, na kai shi baranda. Na tashar mota waɗanda muke saye a ɓoye muna 'yan mata kuwa, na ɗauka kunya za su ba ni, sai ga ni ina rawa ni kaɗai da tsintsiya a hannu. Su ma sun hau sama, kada ki gaya wa kowa.

Da na tabbatar rikodar ba ta cin zare, sai na yi bisimilla na kwance ɗankwalin Mama. Ga rubutunki a jiki, ba abin da ya canza. Na sa, na danna, na rufe ido ina jiran ƙarar tire da guɗar mata. Sai na ji namiji yana gyaran murya. Ya ce wai masu sauraro barkanku da wannan lokaci, ga tauraron Dumyat, Fikri, zai rera sabuwar waƙarsa ga Nargis 'yar mai gidan burodi. Daga nan ya hau bugun falanki yana wani irin ihu da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Na tura gaba, shi ne. Na juya ɗaya gefen, shi ne. Na kashe.

Da na duba bayan kaset ɗin sai na ga abin da ya fi ƙona min rai. Ramukan nan biyu da na bari an cike su. Da ɗan wani gida ne, da takarda zai tura ko ya manna salatif. Shi kuwa ƙanin namu, lokacin yana koyon kafinta, garin katako ya kwaɓa da gam ya cike su, ya bari suka bushe, ya bi da sanfefa har suka yi sumul, ya shafa musu baƙin fenti don kada a gane. Aiki mai kyau, wallahi, ko a ƙofar amarya ba zai yi wanda ya fi shi ba. Wato ba kuskure ba ne, Yaya. Ya zauna ya jira gam ya bushe. Yana da wuni guda na ya tuna muryar wa ke ciki, bai fasa ba. Ya gama ya mayar cikin akwati ya yi shiru, har muka binne Mama, har gemunsa ya yi fari.

Kuma ki tuna wane ne Fikri yau. Alhaji Fikri mai shagon kujeru, wanda ya hana kiɗa a bikin 'yarsa har mata suka zauna kamar zaman makoki. Duk Juma'a in ya zo cin abinci sai ya ɗaga kai ya dubi kwalayena ya ce wai Atiyat, mace mai shekarunki carbi ya kamace ta ba tarkacen mawaƙa ba, ki ba mai sayen tsofaffin kaya su. Ni kuma in ƙyale shi don ba na son fitina. Ashe tsoronsa kada wata rana in kai ga ƙasan akwati. Na yi kuka har idona ya kumbura, sannan na tashi na wanke fuska, na ce wallahi sai ya ji a jikinsa.

Juma'ar da ta wuce aka shirya Alhaji Mitwalli da iyalinsa za su zo cin abinci a gidanmu, tunda nan ne babban gida. Na dafa agwagwa cike da albasa irin ta Mama, da shinkafa da kifi, na sayo kayan zaƙi. Ban yi ƙwauron komai ba, ina so kowa ya ƙoshi ya kasa tashi. Na sa wa rikodar sababbin batura don kada Fikri ya ce zai zare waya daga bango. Sannan na ajiye ta cikin kabad ɗin nan mai gilashi, wanda ya ƙera da hannunsa yake nuna wa kowane baƙo. Da aka kawo shayi yana cikin yi wa surukansa bayanin yadda ya tashi tun yana yaro ba ruwansa da wasan banza, sai na miƙe na ce bari in sa muku wani abu na tarihin gidan nan. Na danna, na bar 'yar ƙofar sama a buɗe don murya ta fito, na kulle ta ƙasa, na jefa makullin cikin rigata, na koma na zauna.

Da tauraron Dumyat ya gabatar da kansa, kofi ya tsaya wa Fikri tsakanin tire da baki. Da aka ambaci Nargis, Zinat ta tambaya wai Nargis mai ƙatuwar murya da ke zagin yara a layin burodi? Ta fashe da dariya har da riƙe haƙorin da ke mata ciwo. Samih ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Fikri ya tashi ya zare wayar bango, waƙa ba ta tsaya ba. Ya ɗaga hannu ya kasa kaiwa ƙofar sama, kin san tsawonsa. Ya juyo ya ce min Atiyat, ki ji tsoron Allah, ba ni makullin. Na ce masa zo ka ɗauka. Ya kama ƙafar kujera kamar zai fasa, sai Alhaji Mitwalli, yana share hawaye, ya ce haba Alhaji, kada ka yi, irin wannan gilashin yanzu ko a wurina babu, ka bari mu ji yadda za ta ƙare da Nargis. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ƙara wa kaina shayi.

Ni dai ban taɓa jin kaset ɗin a jere ba, tsallake nake yi don haushi. Can wajen tsakiya, yana cikin jan wata doguwar murya, sai aka ji ƙarar ƙofa, sai muryar mace ta ce, "Kai Fikri, wa ya shigo mana da jaki gida?" Yaya, Mama ce. Da muryarta ta yau da kullum, irin wadda take kiran mu cin abinci da ita. Ta tambaye shi wane kaset ne wannan da yake ɓatawa, ya ce mata wai sabo ne ya saya da kuɗin aikinsa. Ta ce to in dai waƙa za ka yi wa 'yar mutane, yi ta yadda za ta tsaya ta ji, miƙo falankin nan. Sai ta ɗan buga, ta rera farkon waƙar lallenki, wurin da ake ce wa amarya ta sa ƙafa a jirgi kada ta waiwaya, kogi ya san hanyar gidan uwarta. Baiti biyu ta yi, ta yi tari, ta yi dariya, ta ce albasarta za ta ƙone. Ƙofa ta rufe, jakin ya ci gaba.

Fikri ya zauna a ƙasa a gaban kabad ɗin, ya rufe fuska da hularsa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Ni ma na yi, Zinat ma ta yi, har matar Mitwalli da ba ta san Mama ba. Baƙi suka tafi a natse, kuma kada ki damu, maganar Samih tana nan, Mitwalli ya ce gidan da aka yi irin wannan uwa ba ya jin tsoron kai 'yarsa. Washegari Fikri ya dawo shi kaɗai, ba wa'azi. Ya ce in yafe masa, yarinta ce. Ya ce akwai mai shago da zai yanko wurin Mama kaɗai ya sa a sabon kaset mai tsabta, shi zai ɗauki nauyi, sauran kuma a ƙona. Na bar shi ya gama. Na ce masa sa'a guda Mama ta yi tana waƙa ranar lallen Ni'imat, da amshin ƙawayenta da duk suka mutu, da muryar Baba yana cewa a rage ihu. Kai ka mayar mana da ita baiti biyu, kuma ka dubi idonta ka yi mata ƙarya da kaset ɗinta a hannunka. Kukanka na jiya naka ne, ni bai dawo min da komai ba.

Don haka ga abin da za ki gani cikin ƙunshin da zan ba ɗan maƙwabciyarmu da zai koma aikin jirgi can wajenku. An kwafa miki kaset ɗin gaba ɗaya, ban yarda an cire ko numfashi ba. Ranar lallen Rihab ki sa shi tun daga farko, daga barkanku da wannan lokaci. Duk wadda ke son jin Mama sai ta bi ta kan Fikri, kamar yadda ya bi ta kanta. Ki gaya wa mata sunansa da sunan shagonsa. Zan zo bikin in Allah ya yarda, shi ne zai rako ni, kuma na riga na gaya masa kujerarsa tana kusa da rikoda. Ki yi haƙuri, Yaya, baiti biyun nan su ne duk abin da ya rage mana. Na asalin yana kanta ta sama, a gaban kowa, kuma shi ne mafi munin kaset da na mallaka. Kullum da safe ina sa shi, in zauna in sha ihun jakin nan har ƙofa ta buɗe.

Ki gaishe min da Hamdi, da amarya Rihab, ki sumbace ta a goshi, da ƙannenta Tamir da Basma. Zinat da Samih suna gaishe ku. Fikri ma ya ce a gaishe ki, na ce masa ba sai na rubuta ba, za ki ji muryarsa. Allah ya jiƙan Mama da Baba, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Atiyat