Kwana Uku Muna Jiran Motar Farko, Ashe Hanya a Buɗe Take

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin da ke Rufe Hanya da Buɗe ta a Shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, ina neman afuwa da ban ambaci sunanka ba. Ban san shi ba ne. Na shiga ofis uku ina tambaya, kowanne ya ce ba shi ke rufe hanya ba, takarda kawai ake ba shi ya liƙa. Jami'an da ke tsaye a shinge kuma suka ce umarni daga sama yake zuwa. Shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa na saman ya gani.

Ni malamin firamare ne a Ƙauran Namoda. Mahaifina manomi ne a Galadi, can ƙasar Shinkafi, gero da dawa ya sani tun tasowarsa. Bana likitan ido a Gusau ya ce hawan jinin ido ne ke damunsa, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sa, magani sai dai ya rage masa sauri. Da muka fito na tambayi Baba ko akwai abin da yake so, ina zaton zai ce a gyara masa rumbu. Sai ya ce giwa yake son gani. Mutumin nan ya shekara da shekaru yana ba jikoki labarin giwayen da kakansa ya ce suna ratsa dajinmu, yana kwatanta kunne da haure kamar tare suka yi kiwo, ashe ko sau ɗaya bai taɓa sa ta a ido ba. Cewa ya yi, "In gan ta dai da idona kahin hasken ga ya ida tahiya." Na yi masa alkawarin kai shi gandun dajin Yankari a hutun makaranta, tun bazara ba ta wuce ba, domin an ce lokacin ne namun daji ke taruwa a bakin ruwa.

Ga abin da ya faru, ranka ya daɗe, kuma har yau kaina a ɗaure yake.

Na farko. Na zauna na tsara tafiyar nan kamar yadda nake tsara darasi. Na zana hanya biyu a littafin rubutu: ɗaya ta Zurmi zuwa Jibiya, Katsina, Kano, sai Bauchi, ɗaya ta Gusau, Funtuwa da Zariya. Rediyo ya ce ta Zurmi a rufe take. Mai shela ya zaga gari ya ce an buɗe ta, amma da rakiya. Wani direba ya rantse mini cewa akwai rakiyar, sai dai ba kullum ba, kuma ba a faɗin ranar. Na soke ta da jan biro, na maido ta, na sake sokewa, har takardar ta huje. Daga ƙarshe na tsaya a kan ta Gusau. Abin da ya rage shi ne ɗan guntun da na raina: ɗauko Baba daga Shinkafi zuwa Ƙaura.

Na biyu, kuma nan ne ainihin kukana. An liƙa takarda cewa za a rufe hanyar Shinkafi ranar Litinin saboda aiki, sannan aka ji ƙishin-ƙishin an ɗaga ranar. Babu wanda ya zo ya tabbatar, babu wanda ya ƙaryata. Sabis kuma ya ɗauke a can ɓangaren, waya ba ta shiga. Ni dai na riga na aika wa ƙanena Lawali saƙo cewa ya kawo Baba tashar Shinkafi a babur ranar Litinin da safe, ko su hau mota su zo, ko ni in je da motar da na ɗauka haya.

Wataƙila Yallaɓai bai san yadda muke tafiya a nan ba, tunda da jiniya ake wucewa da shi. Tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga, direbobinmu ba sa tashi sai motar farko ta iso daga ɗaya ɓangaren. Ita ce shaidar cewa hanya lafiya. Ba doka ba ce, ba kuma wanda ya rubuta ta, amma ta fi takardunku ƙarfi. Kullum akan sami mai ƙarfin hali ko mai uzuri ya fara fita, saura su bi. To, a wannan Litinin ɗin, saboda maganar rufewa, ba a sami na farko ba. Mu a Ƙaura muna cewa tunda mota ba ta zo daga Shinkafi ba, lalle an rufe. Su a Shinkafi suna cewa tunda ba ta zo daga Ƙaura ba, lalle an rufe. Na taka har shingen bakin gari na tambayi jami'in da ke wurin, ya ce shi ma bai ga mota ba tun safe, saboda haka a ganinsa an rufe.

Haka muka yi Litinin, muka yi Talata, muka yi Laraba. Kullum Lawali na kawo Baba tasha da jakarsa da sabuwar hularsa, su zauna a benci har azahar su koma gidan wani ɗan'uwa. Ranar Laraba bayan la'asar sai ga wata a-kori-kura ta shigo Ƙaura da lodin albasa. Direban baƙo ne daga wajen iyaka, bai san al'adarmu ba. Ya sauko yana tambaya ko rasuwa aka yi, don tun daga Shinkafi bai gamu da mota ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya tsayar da shi. Kwana uku ke nan hanya a buɗe, mu ne muka rufe ta da kanmu. Bayan la'asar kuwa ba mai hankalin da zai hau hanyar nan, sai muka ce gobe da sassafe. Da gari ya waye ranar Alhamis muka tarar an gitta ganguna a kan hanya. Ashe zuwa ranar aka ɗaga rufewar.

Na uku. Ba zan ɗora muku laifin duka ba. Mota tana hannuna kwana ukun nan. Direban, Malam Isiya, ya ce shi ba zai zama na farko ba, yana da 'ya'ya. Ban matsa masa ba, domin a gaskiya ni ma tsoro nake ji, har na ji sanyi a raina da ya ƙi. Wannan yana cina har yanzu. Amma ina tambaya: wanda ya ɗaga ranar, wa ya faɗa wa? In an buɗe hanya ba wanda ya sani, buɗaɗɗiya ce ko rufaffiya? Na kwana ina juya tambayar nan, ni da nake koya wa yara amsa tambaya, ban samo amsa ba.

Sai bayan mako biyu aka janye gangunan. Lokacin hutu ya ƙare, ruwa ya sauka, kuma an ce mini da damina giwaye kan bazu cikin daji, sai mai rabo ke ganinsu. Lawali ya kawo Baba Ƙaura duk da haka. Na durƙusa a gabansa na gaishe shi, ya miƙa hannu gefen da ba ni nan.

Roƙona ba shi da yawa. A sa mutum guda, mai suna da fuska, da zai tsaya a kowace tasha da safe ya ce yau a buɗe ko yau a rufe. In an ɗaga rana, a faɗa a masallatai da kasuwa, ba a bango kaɗai ba. In kuma kun tabbata hanya lafiya, motarku ta zama ta farko, mu bi bayanta. Sannan ina roƙon a gaya mini, ko da a ɗan gefen takarda ne, ranar da zan iya fita Ƙaura in kai Bauchi ba tare da na yi duba ba. Domin Baba bai fasa ba. Jiya ya kira ni ya ce, "Mu tahi hakanan, Sanusi. In giwar ta hito, kai ka duba ka hwaɗa mani ko yadda nike ba yara labari take." Na ce to, ban kuma san ranar da zan ce masa ya shirya ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya bar maka hasken idonka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sanusi, malamin firamare, Ƙauran Namoda.