Hannun da Ya Goge Kalandar Baba

Maamobi, 9 ga Yuli

Ƙanena Abdulmajeed,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Modena da kake ta kuka da shi kamar ba a Accra aka yanke maka cibiya ba?

Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon saƙon murya. Ka san gidanmu, in na yi tari a ɗakina Maman Salwa maƙwabciyarmu ce za ta ce mini sannu daga nata. Maganar nan ba ta kunnen maƙwabta ba ce, ko da yake rabin unguwa a gabansu aka yi.

Shekara ashirin da shida Baba ke riƙe da Lahadin filin masallaci. Fili ɗaya gare mu a duk lungunan nan da za a kafa rumfa, don haka mai aure, mai suna, mai addu'ar arba'in, kowa wurinsa yake zuwa ya karɓi rana. Bai taɓa haɗa mutum biyu ba. Tun da ruwan sama ya ci littafinsa ka zo ka sa masa komai a kalandar waya, da ita yake aiki, har yana nuna wa tsofaffi yadda take tuna masa.

Shekaranjiya Lahadi aka yi arba'in ɗin Alhaji Issah, amininsa. An jera kujeru, malamai sun fara karatu, baƙi sun zo har daga Tamale. Wajen ƙarfe tara sai ga mota ta tsaya da lasifika da makaɗa, wai ɗaurin auren 'yar Saaka mahauci. Kowane ɓangare ya ce Malam Tijani ne ya ba shi ranar, kuma babu mai ƙarya a cikinsu. Aka yi ta cacar baki a gaban malamai. Hajiya Fatimata, matar marigayin, ta ratsa maza ta zo gaban Baba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Tijani, kai ka wanke shi, kai ka sa shi kabari. Yau kuma ka kawo mishi ganga?"

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, na ja shi muka taho gida.

Sai jiya ya gaya mini gaskiya. Tun farkon Yuni ya buɗe kalandar ya tarar da ita fari fat, ba rana ko ɗaya. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, ya ci gaba da raba ranaku da ka. Kwamitin masallaci sun zauna sun ba Habib sakatare aikin. Sun ce wai Malam ya huta.

Ba aikin ne ke damuna ba, Majeed. Baba ya sa a ransa shi ya goge da hannunsa bai sani ba. Yana ta ambaton mahaifiyarsa, Kaka Zelia, yadda ta fara da mance inda ta ajiye carbi har aka tsinto ta a Alajo tana tambayar hanyar Salaga. Ya ce nasa ne ya zo. Ina jin tsoro. Kai ka haɗa wayar nan, ka gaya mini abin da zai iya sa haka.

Yayarka,
Ruhaina

Modena, 12 ga Yuli

Yaya Ruhaina,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda, raina ya ɓaci sosai. Ki gaida Baba, ki ce ya kwantar da hankali, waya ce kawai. Waɗannan tsofaffin wayoyin haka suke, yau lafiya gobe ciwo. Akwai wani ɗan unguwar Kanda da zai taho gida ƙarshen wata, zan ba shi sabuwa ya kawo.

Mutanen kwamiti kuma ba su kyauta ba. Kuskure ɗaya cikin shekara ashirin da shida.

Farkon Yuni kika ce? Ko ya tuna ranar takamaimai?

Ana jirana a wurin aiki. Ki gaida kowa.

Naki,
Majeed

Maamobi, 24 ga Yuli

Majeed,

Bayan gaisuwa. Na rubuta maka shafi biyu ka aiko mini layi shida, kamar mai amsa gaisuwar wanda ba ya so. Allah ya shirye ka. Ka riƙe sabuwar wayarka, wanda ke tsoron taɓa tsohuwa me zai yi da sabuwa?

Na yi wauta, bari in fara da tawa. Na ce wa Baba ni ce na yar da wayar cikin bokiti ranar wanki na ɓoye masa. Ya dube ni ya ce, "Ruhaina, wayar da ke kwana a aljihun rigata?" Habib ma ya zo ya ce wataƙila shi ya latsa wani abu ranar da ya ara ya duba wata rana. Baba ya gode masa, ya raka shi bakin ƙofa, ya dawo ya ce mini an fara yi masa irin maganar da muke yi wa Kaka.

Don in raba gardama na ɗauke shi a motar haya ta trotro muka tafi Circle wurin masu gyaran waya. Da na sani ban je da shi ba. Mai gyaran, wani Abdulkarim ɗan Nima, ya juya ta ya duba ya ce, "Baba, wayan nan lafiya lau ne. Ba shi da ciwo ko kaɗan. Wannan mutum ne ya share da hannu." A gabansa ya faɗa. Tun daga Circle har gida Baba yana kallon tafin hannunsa.

Yanzu ba ya zuwa masallaci sai Juma'a, ita ma a sahun ƙarshe, yana sallamewa ya fito. Kokon da yake sha da safe ya koma rabin kofi. Jiya na same shi ya yi la'asar sau biyu, wai bai tabbata ya yi ta farko ba. Ni kuwa a gabana ya yi.

Amma akwai abin da Abdulkarim ya faɗa mini bayan Baba ya fita. Ya ce kalandar ba a cikin wayar kaɗai take ba, a haɗe take da akawun na intanet, kuma duk wanda ke da akawun ɗin a tasa wayar, abin da ya rubuta zai fito a nan, abin da ya goge zai goge a nan. Ya nuna mini sunan da ke kan akawun ɗin. Ba sunan Baba ba ne.

Ka tambaye ni rana. Yanzu ni ke tambayarka, me ya sa ka tambaya?

Ruhaina

Modena, 28 ga Yuli

Yaya,

Kwana huɗu ina rubutawa ina gogewa. Ni ne.

Lokacin da na haɗa masa wayar Baba ba shi da imel, ni kuma jirgina ya kusa, sai na sa nawa. Har na yi masa alfahari cewa ko wayar ta faɗa gotar ruwa ranakunsa na nan a ajiye. Abin da ban lissafa ba, duk abin da ya rubuta sai ya fito a tawa wayar. Shekara biyu ina tsaye gaban injin tayil wayata na kuka: arba'in ɗin wane, sunan jikan wane. Mutanen da ban sani ba, wasu kuma da na sani, a nan nake jin sun mutu. Ranar uku ga Yuni ta yi ƙara sau uku shugaban sashenmu na tsaye a kaina, ya yi mini faɗa a gaban mutane kamar ƙaramin yaro. Da hutun cin abinci na zauna na share su duka. Wallahi na ɗauka nawa kwafin nake sharewa, nasa na nan. Na ma ji daɗi da wayar ta yi shiru.

Da na ga takardarki ta farko na gane. Na shiga kwamfuta na duba inda ake ajiye abin da aka goge. Kwana talatin yake yi a wurin. Ya wuce da kwana tara.

Yaya, don Allah kada ki gaya masa. Kin san yadda muke da shi. Tun da na bar makarantar Larabci na tafi Turai bai taɓa ce mini na yi daidai ba, sai a kan wayar nan. Ita kaɗai ce ya taɓa nuna wa abokansa ya ce aikin Majeed ne. Ki bar ni in zo in durƙusa a gabansa in faɗa da bakina. Takardar zamana tana hannun hukuma ana sabuntawa, amma Disamba in sha Allahu ina gida.

Ki yafe mini.

Ƙanenki,
Abdulmajeed

Maamobi, 19 ga Satumba

Abdulmajeed,

Na amsa sallamar da ba ka yi ba.

Mako bakwai na riƙe maka sirri. Ban san wanne ya fi ba ni haushi ba, kai da ka roƙa ko ni da na yarda. Na ce ƙanena ne, bari ya samu mutuncin faɗa da kansa. Kullum in kai wa Baba abinci da maganar a bakina, in haɗiye ta in fito.

Ga abin da jiranka ya saya mana. Na kai shi asibiti, likita ya yi masa tambayoyi, ya ci duka, har ya gyara wa likitan ranar wata. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta fi ta wasu 'yan shekara arba'in, damuwa ce kawai. Muna fitowa Baba ya ce ai haka aka ce da Kaka a farko. Ya kira ni ya miƙa mini makullin akwatinsa da takardun ɗaki, wai in riƙe tun kafin ya ba wani bai sani ba. Ya ce in ya fara fita yawo kada in ji kunyar kulle ƙofa. Mutumin da ya san ranar mutuwar kowa a unguwar nan tun kafin a haife ka, yanzu sau uku yake tambayata yau wace rana, in na faɗa sai ya ce shi ma haka ya zata, amma bai yarda da kansa ba.

Saaka mahauci ya aiko da nama, ya mayar. Hajiya Fatimata da kanta ta zo ta ce ta yafe, komai ya wuce. Ya ƙi fitowa, ta bayan labule ya amsa mata.

Kana can kana tattalin kalma ɗaya ta yabo da ya taɓa yi maka, shi yana nan yana binne kansa da ransa. Ba ni da tabbacin wanda za ka tarar a Disamba. In na faɗa masa da bakina zai ce ƙaryar bokiti ce ta dawo, na riga na ƙona tawa shaidar. Ka rubuta masa da hannunka, ka sa hoton duk abin da zai nuna. Ka yi yau. In Juma'a ta zo ban gani ba, kada ka ƙara kirana Yaya.

Ruhaina

Modena, 20 ga Satumba

Zuwa ga mahaifina Malam Tijani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaisuwa, ina neman gafara kafin in fara.

Ba kai ka goge kalandar ba. Ni na goge, ranar Litinin uku ga Yuni, a nan Italiya. Wayarka da tawa a kan akawun ɗaya suke, wanda na sa da sunana. Abin da na share a nan shi ya share a can. Na yi ne don ƙararta ta dame ni a wurin aiki, ban san zai taɓa taka ba. Na gane tun watan Yuli, tsoronka ya sa na yi shiru, na kuma roƙi Yaya ta yi shiru. Ga hoton wayata, za ka ga sunana a sama, ka gwada da taka.

Hankalinka lafiya yake, Baba. Kunyar da ka sha a filin masallaci tawa ce. In ka yarda zan rubuta wa kwamiti da Hajiya Fatimata in gaya musu. Duk hukuncin da ka yanke na ɗauka.

Ɗanka,
Abdulmajeed

Maamobi, 23 ga Satumba

Majeed, na karanta masa sau uku, na nuna masa hoton. Sannan ya ce in ɗauko biro. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ɗana Abdulmajeed,

Wa alaikumus salam. Na ji takardarka. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka ta ce ita ce. Habib ya ce shi ne. Yanzu kai ma daga bayan teku ka ce kai ne, har da hoto. Ban san ina da 'ya'ya masu tausayi haka ba. Ni ma na taɓa ce wa uwata ni na ɗauke mata carbi, alhali yana wuyanta. Na san irin wannan ƙaryar, Allah ba ya kama mutum da ita.

Kada ka rubuta wa kwamiti, kada ka ɓata sunanka saboda tsoho. Na daɗe ina ganin ba ka damu da ni ba, ashe ni ne ban fahimce ka ba. Ka yafe mini wannan.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka jira Disamba in da hali. Ka zo tun ina gane fuskarka.

Mahaifinka,
Tijani