Takardarka da Iyakar Gonar Baba

Zuwa ga ƙanena Iro, a Amirka.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Malam Sani na lekol, makarantar boko, ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Takardar da ka aiko ta iso nan garin Tawa. Na warware, ba mutum, ba dabba: fili ja mai kusurwa huɗu, baƙin layi ya ratsa shi a karkace, da ɗan zobe a gefe. Iro, gonar Baba na gani. Jan nan jar ƙasar tudu ce, layin kuwa ƙoramar da ta raba mu da gidan Nomau ce, zoben kuma inda gawo yake kafin ya faɗi.

'Ya'yan Nomau sun shigo mana da noma bara. Sai na naɗe takardar, na shiga motar ƙauyenmu Affala, na shimfiɗa ta gaban maigari a matsayin shaida. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya tambaye ni ina gabas. Har dogarinsa sai da ya dara.

Daga baya ka kira ka ce ba gona ba ce, ba komai ba ce. Wai a wurin aikinka wata tsohuwar Baturiya ke zana siffofi bisa dutse da alli mai maiƙo, ku jiƙa, ku shafa tawada, ku danne takarda. Wai in an gama, kai ke goge dutsen da yashi har ya koma fari. Ni dai ban yarda ba. Hannun da ya shafa wannan jan ya san ƙasarmu.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In fita, in dawo, in sake fita. Mu biyu kaɗai muka bi Baba ranar da ya taka iyakar. Kai ke ɗauko duwatsu, ni ke jerawa. Ya ce, "Ɗaya zai manta, shi ya sa na zo da biyu."

Ruwa ya kwashe duwatsun. Idona ya yi hazo. Maigari ya ce bakin mutum ɗaya bai isa ba, ya ba ni nan da shuka in kawo na biyu.

Kada ka aiko da komai. Ƙafarka nake so, autan Inna, ko na kwana uku ne, mu taka ta tare.

Allah ya jiƙan Baba, ya buɗe maka hanya, ya sa in ji sallamarka kafin ruwan farko.

Yayanka,
Mamman