Na Kama Maƙwabciyata Tana Goga Sukari a Matatar Ruwana

Dona Iraci,

Don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin in ta zo ban ji daga gare ki ba, zan aikata abin da ba ya gyaruwa. Ni ba gwanin rubutu ba ne. Direban babbar mota ne, na ƙare ƙuruciyata ina jigilar ayaba da mazarƙwaila daga nan Crato zuwa Fortaleza, har gwiwa ta zaunar da ni. Matata Marinalva, Allah ya jiƙanta, ita ce mai karanta shafinki na jarida, ni kuwa ina yi mata tsiya cewa gulma ce kawai aka buga a takarda. To, yau ga ni da tawa.

Shekara ta uku ke nan da rasuwarta, ni kaɗai a gidan. 'Yarmu Cleonice tana aure a São Paulo, sai dai waya. Katanga ɗaya ta raba ni da Dona Zuleide, aminiyar marigayiya, ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa. Bayan jana'iza ta fara miƙo mini kuskus ɗin masara ta kan katanga. Daga nan ta ce ba za ta zuba ido gidan ƙawarta ya koma garejin mota ba, sai ta riƙa shigowa kowace Asabar tana shara da goge-goge. Ni da hannuna na ba ta makulli. Ina faɗar wannan ne don kada ki ce na ɓoye nawa.

Randar tace ruwanmu irin ta kowa ce, ta yumɓu mai hawa biyu, tana kusurwar kicin sanye da rigar da Marinalva ta saƙa mata. Kyandir ɗin da ke ciki, wato farin dutsen nan da ruwa ke bi ya ɗiga ƙasa, Marinalva ce ta ɗaura shi kafin ciwo ya kwantar da ita. Ban taɓa canza shi ba. Don me zan canza? Bai fashe ba, bai yi ƙara ba. Seu Valdeci mai shagon kayan gini ya tare ni ya ce wai duk wata shida ake sake sabo. Na ce masa ai dole ka faɗi haka, tunda kai ke sayarwa. In na tambayi mai sayar da taya, shi ma cewa zai yi tayata ta mutu. Kuma ki lura da wannan, Valdeci ɗan ƙanin uwar Zuleide ne.

Bara ruwan ya fara sauka da ƙyar. In cika randar sama da safe, har la'asar ban samu na haɗa kofi ba. Zuleide ta ce kyandir ya gaji, in sayi wani. Na ce a'a. Ta sake faɗa, na ce gidana ne. Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce shi ke nan, za ta san yadda za ta yi da shi. Ki riƙe wannan maganar, ni na riƙe ta.

Ba a jima ba ruwa ya dawo yana zuba kamar an buɗe famfo. Har na yaba mata, ni sakarai. Sai ɗanɗanon ya canza, wani iri-iri, ba zan iya kwatanta miki ba. Sai cikina ya ɓaci. Ni da na sha ruwan kowace tashar mota a Ceará ban taɓa ko murɗawa ba, yanzu ba na iya zaman coci har a tashi. Wandona ya fara yi mini yawa.

Asabar biyu da suka wuce na fita sayen burodi, na manta walat, na dawo. Ina shiga kicin na tarar ta kwance kyandir ɗin, ta cika tafin hannu da farin sukari tana dirza masa, tana 'yan waƙe-waƙenta a hankali. Sukarina ma, daga gwangwanina. Na tambaye ta me ke nan. Ko razana ba ta yi ba. Dariya ta yi, ta ce haka uwarta ke yi, haka kakarta, wai sukari ke fitar da dattin. Ta ƙara da cewa namijin da bai taɓa wanke cokali ba yau ya zama sufetan kicin.

Dona Iraci, ni ba yaro ba ne. Kowa a garin nan ya san abin da ake yi da sukari da zuma in ana son a tausasa zuciyar namiji. Na san direban da aka yi wa, ya sayar da motarsa ya bi wata mata har Piauí. Da na gaya wa Cleonice, ihu ta yi a waya. Ta ce, “Baba, gidan take so, ba kai ba. Ka karɓe makullin tun kafin ka wayi gari a gaban fadan coci kana sa hannu a takardar aure.” Ta ce in ban iya ba, ita za ta kira matan ƙungiyar addu'a ta fallasa ta.

Tun ranar ban ƙara taɓa ruwan randar ba. Daga famfo nake sha kai tsaye, ko da ya zo da ja bayan ruwan sama. Cikin bai daina ba, ƙaruwa ma ya yi. Asabar da ta wuce na rufe taga na yi kamar ba na nan. Ta ƙwanƙwasa, alhali da makulli a hannunta, ta tsaya jim, ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta tafi. Shinkafa da wake ce da cuku. Na zuba wa karena, na zauna ina kallonsa ko zai yi wani abu. Barci kawai ya yi.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro, kuma ban gaya wa Cleonice ba. Matar nan ba ta fita daga raina. Ina kwance a ragar lilon da nake barci ina sauraron ƙarar silifas ɗinta ta bayan katanga. In ta yi tari sai in ji ba daɗi. Mutum mai shekaruna! Na daina shan ruwan, abin bai sake ni ba, ke nan aikin ya riga ya kama ni? Asabar mai zuwa na yi niyyar karɓe makullina a bakin ƙofa, kowa ya gani. Amma in na yi kuskure fa? Ki gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Tsohon Direba, Crato

*

Seu Direba,

Kafin komai, ajiye kofin ruwan famfon nan. Daga yau tafasasshen ruwa za ka sha, kuma gobe da safe ka tafi asibitin unguwa ka faɗa musu tun yaushe cikin ke gudu da yadda ka rame. Zawo mai daɗewa ga dattijo ba abin wasa ba ne. Mai yiwuwa ruwan ne, mai yiwuwa wani abu ne dabam, likita ne zai raba gardama, ba ni ba, ba kuma karenka ba.

Sai batun kyandir. Seu Valdeci yana son ciniki, gaskiya ne, amma bai yi maka ƙarya ba. Wajen wata shida ake ba shi a gidan da ake sha kullum, naka kuwa ya shiga shekara ta uku. Shi kansa kyandir ɗin ma ya yi maka gargaɗi ka ƙi ji. Ranar da ruwa ya koma sauka da ƙyar ko bayan an wanke, ya toshe, aikinsa ya ƙare. Ranar da ya koma zuba kamar famfo, abin ya fi muni, domin ya sirance ko ya tsage, ruwa na wucewa da dattinsa. Haka in ɗanɗano ko wari ya canza, ko ya yi launin da wanki ba ya fitarwa. Gawayin da ke cikinsa ma yana gajiya, ko da ido bai ga komai ba.

Dona Zuleide ta yi kuskure, ba zan wanke ta ba. Sukari da gishiri suna kankare jikin kyandir, su buɗe ƙananan ƙofofin da ke tare datti. Ruwa zalla da soso mai laushi ake sa masa, ba sabulu, ba buroshi. Amma kuskuren nan rabin kakannin ƙasar nan sun yi shi, har da tawa. Ina kyautata zaton marigayiya ma haka take yi, kai kana kan hanyar Fortaleza ba ka gani ba. Kuma ka tuna sau biyu matar nan ta ce ka sayi sabo. Wadda ta shirya maka asiri a cikin kyandir ba za ta matsa maka ka jefar da shi ba.

Ban raina tsoronka ba. Ana irin waɗannan abubuwa, kuma 'ya da ke nesa da ubanta dole hankalinta ya tashi. In maganar gida ce ke damun Cleonice, ku zauna da lauya a tsare komai a rubuce, kowa ya huta. Amma ka kira ta yau ka hana ta zuwa wurin matan coci. A gari irin naku, in aka laƙaba wa mace sunan mai asiri, da shi za a binne ta, ko da daga baya ka bi gida-gida kana ba da haƙuri.

Na kuma gane abin da ya hana ka canza kyandir ɗin, ba rowa ba ce. Hannun Marinalva ne ya ɗaura shi. Cire shi, ka shanya, ka naɗe a ƙyalle ka adana in kana so. Ba ta ɗaura shi don ya kwantar da kai ba. Ka sayi sabo, a wani shagon ma in Valdeci bai kwanta maka ba, ka duba robar da ke toshe bakinsa, ka zubar da cikon farko da na biyu.

Shi kuwa abin da ba ka gaya wa 'yarka ba, ba ni da maganinsa, kuma ba na jin ciwo ne. Mace ta shekara uku tana ciyar da kai, tana jure bakinka, ka ɓuya mata ta ƙi buɗe ƙofarka da makullin da ke hannunta. Ba sai an haɗa da sukari ba kafin a yi kewar irin wannan. Makulli naka ne, kana da ikon karɓa, amma a cikin gida, da godiya, ba a gaban jama'a ba. Ni dai shawarata, ranar Asabar ka buɗe ƙofar da kanka tun kafin ta ƙwanƙwasa, ka ce mata ta yi gaskiya a kan canza kyandir, ka roƙe ta ta nuna maka yadda ake ɗaurawa. Sauran maganar ba sai ranar ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan Marinalva, ya kuma ba ka ƙarfin halin buɗe ƙofar nan.

Dona Iraci