Maganar da Ta Hana Fadila Karatu

Zuwa ga ɗana Jibril,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya a can Legas, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan Dutsi alhamdulillahi, an gama yankan gero, kuma ƙafar Inno ta yi sauƙi har tana zuwa masallacin Juma'a.

Abin da ya sa na rubuto maka, ƙanwarka Fadila ce. Tun zuwanka sallah ta ajiye littattafanta, ta ce ba za ta zauna jarrabawar shiga makarantar ungozoma ta Daura ba. Da na matsa mata, sai ta ce kai ka gaya mata wannan ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta tana ninka kanta kullum, nan gaba kaɗan za ta wuce hankalin ɗan Adam, ta riƙa ƙera wadda ta fi ta, daga nan babu likita babu malami. To me za ta yi da karatu? Wallahi raina ya ɓaci, yarinyar da ko tuwo take tuƙawa littafi na gefenta.

Ban ce ƙarya kake ba, gaibu sai Allah. Amma na tambaye ta su wa suka hango wannan rana, ta duba waya ta ce akasari masu ƙera abin ne. Nan na fara shakkar labarin. Na tsufa a kasuwar Mai'adua, ban taɓa jin dillali ya ce san da ke hannunsa ya gama girma ba. Kuma ɗan maraƙi ma ninka kansa yake a farko, amma har yau ban ga wanda ya kai tsayin rimi ba. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota, ba a rufe makarantu don shi ba.

Jarrabawar ta matso, kuma maganarka take ji fiye da tawa. Ka kira ta. In kuwa da gaske ka yarda da abin da ka faɗa, to ka gwada mana a gidanka tukuna.

Inno tana gaishe ku. Ka gaida Zakiyya da yara, musamman Ikrima, wanda na ji bana kun sa shi makarantar kuɗi don ya zama likita.

Baffanka,
Sada Maiturare