Kulu, Fuskar Ummi Ta Kumbura

Assalamu alaiki Kulu. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, mijinki ne daga Guangzhou, inda neman abinci ya ajiye ni tun bayan rasuwarki.

'Yarmu ta fari, Ummi, tana da ciki, har ya tsufa. Ta tafi goyon ciki ƙauye wurin mahaifiyarki, Inna. Ran Juma'a da na fito daga Masallacin Huaisheng na kira su a bidiyo. Fuskarta ta yi suntum, tana ta runtse ido. Na san fuskar nan. Ita na gani a gare ki kafin jijjiga ta kama ki a cikinki na biyu.

Kin tuna yadda aka taru a kanki ana turara hayaƙi, ana cewa iska ce? Ni ma abin da na ɗauka ke nan.

A nan na waye. Matar abokina Ɗan Agadas, mai shagon aika kaya a unguwar Xiaobei, jininta ya hau da tsohon ciki. A asibiti suka ɗaura mata ruwa da wani magani, magnesium sulphate. Likitar ta ce an gwada shi a kan mata masu yawa a ƙasashe daban-daban, ya rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Tana nan garau, goye da ɗanta. Maganin ma ba shi da tsada, Kulu. Ranar nan na kasa cin abinci.

Ni da nake loda janareto da tayil a kwantena har Kano, wannan ya fi ƙarfina. Ba abin da zan cusa a kwali ba ne. Sai an auna jinin Ummi da fitsarinta, sai ma'aikaciya ta tsaya a kanta. Asibitin can gida ma suna da maganin, zuwan ne ya gagara.

Kin san Inna da kafiya. Cewa ta yi ta haifi takwas a ɗaka, kumburi alamar ɗa namiji ne, ta kuma jiƙa wa Ummi saiwa. Na aika ƙanena da mota, ta ba shi fura ya sha, ta sallame shi.

Sai na ajiye kunyar 'yar fari, na tambayi Ummi da bakina ko kanta na ciwo, ko tana ganin hazo-hazo. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce lafiya lau Baba, ta miƙa wa Inna wayar. Cikin fari ne, ba za ta taɓa gaya mini ba. Tarbiyyar da muka yi mata ce, har alfahari muke da ita.

Tsoro nake ji, Kulu. Mutum ɗaya ce a duniya Ummi za ta raɗa wa cewa kanta na sarawa, ke ce kuwa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sassauta zuciyar Inna kafin lokaci ya ƙure, Ya sauke mana yarinyar nan lafiya. Ya Allah, kada Ka haɗa ta da mahaifiyarta da wuri.

Naki har gobe,
Baban Ummi