Ko Tambaya Ɗaya Kan Famfona

Lyon, Talata 5 ga Yuni 2012

Har yanzu raina bai huce ba. Yau na zauna gaban malamai uku masu tantance waɗanda za su shiga ajin zaɓaɓɓun ɗaliban injiniya, ajin da na shekara biyu ina hana idona barci saboda shi. Na tafi da zanen famfona mai aiki da hasken rana.

Madam ɗin da ke tsakiya ta duba takarduna ta ce, "A Minguettes kike zaune? Ana samun shirun karatu a can kuwa?" Unguwarmu ke nan ta talakawa da baƙi. Wai kuma Faransancina ya burge ta. Ni da nake karatu da shi tun ina shekara shida a Damagaram!

Julien ɗan ajinmu, wanda ni na koya masa lissafi duk lokacin sanyi, minti ashirin suka yi kan aikinsa. Ni ko tambaya ɗaya.

Da Madam ɗin ta ce an gama, na ƙi tashi. Na shimfiɗa zanen kan tebur na yi bayani. Dattijon da ke gefe ya sa tabarau, ya yi mini tambaya biyu, na amsa.

Da na gaya wa Goggo da nake zaune a wurinta, cewa ta yi, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, ƙasarsu ce."

Na ji, ƙasarsu ce. Amma makin da ya kai ni gabansu ni na ci shi. In sunana bai fito ran Juma'a ba, wallahi sai sun ba ni dalili a rubuce.